Makaman ƙarfi a Elden Ring: wanda ya fi durƙusar da ƙato shi ne na gaba

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa na Kantu nan Maradi ya san inda masana ke ajiye ido: ƙafafun ɗan kokawa suke kallo. Ƙato na iya cika fili da ƙirji da damatsa, amma da zarar an kai shi ƙasa magana ta ƙare. Da wannan idon nake auna makaman ƙarfi na Elden Ring, wasan da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar ranar 25 ga Fabrairu 2022. Lambar ɓarna da ke shafin makami tana da amfaninta, sai dai abin da na fi dubawa shi ne sau nawa makamin zai durƙusar da bos, wato babban abokin gaba, kafin shi ya kashe ka, yaushe zai shigo hannunka, kuma me zai ci maka na nauyi da matakai.

Ga yadda durƙusarwar take. Kowane bos yana da ma'aunin tsayuwa da wasan ba ya nuna maka. Na Margit 80 ne, na Malenia ma 80, na Radahn 200. Duk bugun da ka kai yana rage wannan ma'auni, amma bugu ya fi bugu. Saran yau da kullum na maɓallin R1 kaɗan yake ci. Sara mai nauyi na maɓallin R2 da ka sauke daga tsalle ya fi shi, haka ma R2 da ka mayar nan take bayan ka tare sara, sannan R2 da ka danne har ya cika ya fi su duka. Idan ma'aunin ya ƙare za ka ji wata ƙara mai nauyi, bos ya zube kan gwiwa, haske ya bayyana a ƙirjinsa ko a kansa, sai ka matsa ka danna R1 ka yi masa mummunar suka. Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aunin yana komawa ya cika in ka daɗe ba ka taɓa shi ba, kuma ga mai 80 jinkirin kimanin sakan shida ne kawai. Shi ya sa mai babban makami ba ya rabuwa da wuƙaƙen jifa. In bos ya ja da baya ka jefa masa ɗaya. Ɓarnarta ba ta taka kara ta karya ba, amma ta hana lissafin komawa farko.

Sunayen da zan kawo na Ingilishi ne. Wanda na'urarsa ke kan Faransanci zai gane makami ta wurin da ake samunsa da lambobinsa, don su ba sa canzawa. Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan, inda da yawa ke saka faifai su yi wasa ba tare da intanet ba saboda tsadarsa. Duba lambar da ke ƙasan allon farko ta hannun dama. In ba ta kai 1.04 ba, manyan takubba da gudumomin da ke hannunka sun fi waɗanda nake magana a kansu jinkiri, domin gyaran watan Afrilu 2022 ne ya ƙara musu sauri, ya kuma rage tsayawar da ke biyo bayan sara. Ka nemi inda rezo ke da kyau ka sauke gyaran, sau ɗaya ya wadatar.

Sai lissafin da komai ya rataya a kansa. In ka riƙe makami da hannu biyu, wato ka danne maɓallin alwatika ka taɓa R1, wasan yana ninka ma'aunin Strength ɗinka sau ɗaya da rabi. Daga nan zan riƙa kiransa ƙarfi. Makamin da ke neman ƙarfi 60 yana ɗaukuwa da 40. Kuma tunda ribar ƙarfi tana raguwa sosai bayan 80, mai riƙon hannu biyu ya tsaya a 54, don 54 da rabinsa 81 ne. Duk matakin da ka zuba bayan haka ya fi amfani a Vigor, ma'aunin jini, ko Endurance, ma'aunin numfashi da ɗaukar kaya.

Na ɗaya a wurina Greatsword ne, takobin da sunansa ke nan kawai, ba ado ba kirari. Yana neman ƙarfi 31 da Dexterity (ma'aunin ƙwarewar hannu) 12, nauyinsa 23. Da hannu biyu ƙarfi 21 ya isa. Wanda ya fara wasa da ajin Vagabond yana da ƙarfi 14 da Dexterity 13 tun farko, ke nan matakai bakwai ne tsakaninsa da takobin. Mai Hero yana farawa da ƙarfi 16 amma Dexterity 9, sai ya ƙara biyar can da uku nan. Ba sai ka kashe bos ko ɗaya ba. Ka hau dokinka Torrent daga Limgrave ka yi gabas ta Summonwater Village, ka bi ta gefen Smoldering Church ba tare da ka shiga ba, don akwai mai kutse da ke fitowa a wurin, ka kunna wurin hutawa na Rotview Balcony a bakin Caelid. A kan hanyar da ta nufi Caelem Ruins akwai baƙar karusa a tsaye da akwati a bayanta. Wasu manyan karnuka masu ƙaton kai ne ke yawo a wurin, kuma a wannan matakin ba ka da jinin jure cizonsu. Kada ka tsaya faɗa da su. Ka kashe runes ɗinka tukuna, wato kuɗin wasan da ke zubewa in ka mutu, ka zagayo ta baya, ka sauka daga doki daf da akwatin, ka buɗe. Ko sun cinye ka bayan haka, takobin ya riga ya zama naka.

Abin da ya ɗora shi kan saura abu uku ne da ba kasafai suke haɗuwa a makami ɗaya ba. Yana da tsawo, har kakan sami bos daga inda shi bai kai gare ka ba. Yana da suka mai sauri: in ka durƙusa da L3 ka danna R1, ko ka danna R1 kana fitowa daga mirgina, maimakon sara sai ya miƙa tsinin gaba, kuma wannan sukar ita ce maganin ƴan guntayen damar da bos mai sauri ke bayarwa. Ita ce kuma maganin lungu, inda saran gefe ke dukan bango ya dawo maka. Na uku, yana karɓar Ash of War, wato kana iya canza masa dabarar L2 da yadda yake cin moriyar ƙarfinka.

Wannan na ukun yana bukatar bayani. Ka fara ɗauko Whetstone Knife a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Gatefront Ruins, in babu ita ba a sauya dabara. Dabarar da ta fi dacewa da shi Lion's Claw ce, wadda ake samu bayan kashe zakin da ke tsakar Fort Gael a Caelid. Tana cin FP 20 daga shuɗin layin da dabaru ke ci: ka yi alkafura gaba ka sauke takobin, ba a katse ka da ƙaramin bugu a tsakiya, kuma tana cin ma'aunin tsayuwa sosai. Rauninta abokin gaba mai kaucewa gefe, don haka ka sake ta bayan bos ya gama jerin saransa, kada ka sake ta yana tsaye yana kallonka. Tana zuwa da zaɓin Heavy, wanda ke kai takobin matsayin A a cin moriyar ƙarfi (S ne ƙoli, A na bi masa) idan ya kai ƙarshen ƙira. Amma kada ka yi gaggawar sa Heavy kana da ƙarfi 21, domin yana rage asalin ɓarnar makami ne ya ƙara abin da ƙarfi ke kawowa. Allon yana nuna maka lambobin biyu kafin ka amince, ka bi wadda ta fi. Dabara ta biyu Giant Hunt ce, daga baƙin mahayin da ke fitowa da dare a Bellum Highway ta Liurnia. Suka ce daga ƙasa zuwa sama da ke cilla sojoji da mayaƙa masu girman mutum sama. Ita ba ta zuwa da Heavy, sai ka samo Iron Whetblade a Stormveil Castle, bayan ƙofar da ake buɗewa da Stonesword Key.

Tunda an ambaci Fort Gael, kada ka bar wurin da abu ɗaya. A samansa akwai layar Starscourge Heirloom mai ƙara ƙarfi 5. A bayansa, tsakanin motocin wuta biyu, akwai addu'ar Flame, Grant Me Strength, wadda ke ƙara kashi 20 cikin 100 na ɓarna tsawon sakan 30 ga mai Faith 15. Hatimin da ya dace a karanta ta da shi Clawmark Seal ne, wanda Gurranq ke bayarwa in ka kai masa Deathroot na farko. Matakai shida da Vagabond zai zuba a Faith don wannan sun fi matakai shida a ƙarfi riba nesa ba kusa ba.

Na biyu Giant-Crusher, kuma na san akwai waɗanda ba za su yarda da wannan matsayi ba. Guduma ce ta dutse mai neman ƙarfi 60, ba ta neman komai bayan haka. Nauyinta 26.5, babu makamin da ya kai ta nauyi a asalin wasan. In aka sa mata Heavy tana kai matsayin S. A bugu ɗaya tak ita ce sarauniya, kuma irin ɓarnarta ta daka ce, wadda ke farfasa abin da takobi ke zamewa a kai: mutanen lu'ulu'u da ake kira Crystalian, mahaƙan ramukan ma'adinai masu fatar dutse, da gumakan da ke gadin kaburbura. Wanda ya taɓa kai wa Crystalian sara da takobi ya ga lambar da ta fito zai fahimci darajar guduma.

Tana cikin akwatin wata karusa a wajen ganuwar Leyndell, kudu da wurin hutawa na Outer Wall Phantom Tree. Ana iya kaiwa can da wuri. Rabin hagu na Dectus Medallion yana Fort Haight a Limgrave, rabin dama yana Fort Faroth a Dragonbarrow, ka haɗa su ka hau Grand Lift of Dectus zuwa Altus. A Fort Faroth ɗin ne kuma ake samun Radagon's Soreseal, layar da ke ƙara 5 ga Vigor da Endurance da ƙarfi da Dexterity, a madadin ƙarin kashi 15 cikin 100 na ɓarnar da kake sha. Ita da Starscourge Heirloom sun ba ka ƙarfi 10, ke nan da ƙarfi 30 na kanka kana ɗaga gudumar da hannu biyu. Ka tuna da gurbin laya ɗaya ake farawa, na biyu sai an kayar da Margit.

To me ya hana ta zama ta ɗaya? Gajarta da jinkiri. Dole ka shige jikin bos kafin ka same shi, kuma bayan kowane bugu akwai tsayawar da ta ishi irin su Maliketh ko Malenia su rama. R2 ɗinta ma na daban ne, mutum yana juyawa sama kafin ya sauke ta, abin da ke ƙara mata lokaci. Ba ta da sukar da za ta cike ƙaramar dama, kuma Giant Hunt ba ta hawa kanta. Saboda haka wasanta ya ta'allaƙa ne kan tsalle da R2. In za ka bi wannan hanya, ka bi ta sosai: Claw Talisman daga saman hasumiyar Stormveil tana ƙara kashi 15 cikin 100 ga bugun tsalle, rigar Raptor's Black Feathers daga Sage's Cave tana ƙara 10. A L2 ka sa Cragblade, wadda ake samu daga ƙwaron da ke yamma da Impassable Greatbridge a Caelid. Tana lulluɓe makami da dutse na minti ɗaya, ta ƙara kashi 15 cikin 100 na ɓarna, ta kuma ƙara cin tsayuwa. A kwalbar haɗi, wato Flask of Wondrous Physick, ka zuba Stonebarb Cracked Tear daga Putrid Avatar na Dragonbarrow. Aikinsa sakan 30 ne kacal, don haka sai ka shiga fili bos ya matso sannan ka sha. Masu shan sa a bakin ƙofa rabinsa a tafiya yake ƙarewa. Da wannan shiri gudumar tana durƙusar da yawancin bos cikin bugu kaɗan, kuma a irin wannan faɗan ta fi Greatsword. Amma wasan ba faɗan bos kaɗai ba ne. Akwai sa'o'i masu yawa na lunguna da karnuka da tsuntsaye da ƴan baka, kuma a can takobin ya fi ta sauƙin zama da mutum.

Na uku Ruins Greatsword. Ƙarfi 50, Intelligence 16, nauyi 23, da hannu biyu ƙarfi 34. Yana kai matsayin S a ƙarfi ba tare da an sa masa komai ba, kuma dabararsa Wave of Destruction tana aika igiyar ƙarfi a ƙasa zuwa gaba, abin da mai makamin ƙarfi ke rasawa kullum, wato bugu daga nesa. Ba ya karɓar Ash of War, ba a shafa masa mai, kuma matakai bakwai da Vagabond zai kashe a Intelligence ba sa dawo da wata riba mai yawa. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne arhar ƙira, zan zo kanta. Samunsa ne ke rikita mutane. Yana hannun Misbegotten Warrior da Crucible Knight, su biyu a fili ɗaya a Redmane Castle, amma ba sa nan in bikin Radahn ya fara, kuma kunna wurin hutawa a Altus yana fara bikin. Ke nan wanda ya ruga neman Giant-Crusher da wuri ya rufe wa kansa wannan ƙofa na ɗan lokaci. Ba a rasa shi har abada: ka kayar da Radahn, ka koma ka yi magana da Jerren har ya gama ya bar wurin, ka huta, su biyun za su dawo. A faɗan, Misbegotten ne ke fara fitowa. Ka zuba masa duk abin da kake da shi kafin na biyun ya shigo, don haɗuwarsu ita ce wahalar.

Na huɗu da na biyar ba su kai waɗancan girma ba, kuma da gangan na sa su a nan. Great Stars kulki ne mai ƙayoyin ƙarfe, ƙarfi 22, Dexterity 12, nauyi 10 kacal. Yana tara zubar jini 55 a kowane bugu, yana mayar maka da kashi 1 cikin 100 na jininka duk lokacin da ya sauka, ɓarnarsa ta daka ce, kuma yana karɓar Lion's Claw ko Cragblade da Heavy ba tare da ya rasa zubar jinin ba. Yana cikin karusar da ƙattai biyu ke ja a Altus, kusa da Road of Iniquity Side Path, sai ka tsayar da ƙattan kafin akwatin ya buɗu. Bambancin nauyi 13 da ke tsakaninsa da Greatsword sulke ne mai kyau ko babbar garkuwa. Ga wanda Malenia ta hana barci, wannan ne makamin da zan fara miƙa masa, domin tana jin zubar jini kuma tsayuwarta 80 ce.

Rusted Anchor kuwa ƙarfen tsayar da jirgin ruwa ne, ƙarfi 26, Dexterity 9, nauyi 12.5, daga bos ɗin Morne Tunnel a Weeping Peninsula, wato tun farkon wasa. Sirrinsa shi ne duk bugunsa suka ake lissafa shi, kuma suka tana samun ƙari in ta sauka a lokacin da abokin gaba ke tsakiyar kai hari. Spear Talisman daga Lakeside Crystal Cave a Liurnia tana ƙara wannan ƙarin. Gajere ne, kuma yana son mai zuciyar musayar bugu, wanda ke da jinin da zai jure.

Zweihander shi ne na shida, amma shi ne na farko da ya kamata sabon ɗan wasa ya riƙe. Ɗan kasuwar da ke zaune shi kaɗai a yammacin Weeping Peninsula yana sayar da shi runes 3,500. Ƙarfi 19, Dexterity 11, nauyi 15.5, Vagabond yana ɗaukarsa da hannu biyu ba tare da ya ƙara ko mataki ɗaya ba. R2 ɗinsa doguwar suka ce. Ɓarnarsa ba ta kai ta Greatsword ba a ƙarshe, amma a kansa ake koyon lokacin sara da lokacin haƙuri.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Prelate's Inferno Crozier, ƙarfi 45 da nauyi 23.5, daga Fire Prelate na Fort Laiedd a Mt. Gelmir, ƙanen Giant-Crusher ne, kuma babban amfaninsa shi ne a haɗa su biyu. Starscourge Greatsword, wanda Enia ke bayarwa a madadin abin tunawar Radahn, yana neman ƙarfi 38, Dexterity 12, Intelligence 15. Dabararsa tana janyo taron ƙananan abokan gaba wuri ɗaya ta murƙushe su, abin so ne a fili, amma a gaban bos bai kai na sama ba. Grafted Blade Greatsword na Castle Morne yana da kwarjini a ido, yana neman ƙarfi 40 da Dexterity 14, dabararsa tana ƙara 5 ga kowane ma'auni na ɗan lokaci. Sai dai dabara ce da ba ta bugun kowa, kuma ba a canza ta. Duk abin da yake yi, Greatsword yana yin sa da ƙarfi ƙasa da nasa. Shi ne na ƙarshe a jerina.

Game da riƙe manya biyu, ɗaya a kowane hannu: yana aiki in jinsinsu ɗaya ne, Greatsword da Ruins Greatsword, ko Giant-Crusher da Prelate's, kuma tsalle da L1 yana sauke su tare. Amma ka yi lissafi tukuna. Ninkin nan na ɗaya da rabi ya tafi, ke nan Giant-Crusher na son 60 ɗinta cif. Nauyin takubban biyu 46 ne, na gudumomin 50. Ban ga dalilin yin haka ba kafin ƙarshen wasa.

Kuskure na farko nauyi ne, inda yawancin masu makamin ƙarfi ke faɗuwa. Muddin kayanka ba su kai kashi 70 cikin 100 na abin da kake iya ɗauka ba, mirginawarka matsakaiciya ce. Da ka haura, sai ta koma faɗuwar buhu, gajera mai jinkirin tashi, numfashi ma ya riƙa dawowa a hankali. Da Endurance 25 kana ɗaukar 72, kashi 70 ɗinsa 50.4 ne. Cire 23 na Greatsword, saura 27.4 na sulke da layu da hatimi. Ka duba gurabun hannunka shida, domin duk makamin da ke cikinsu ana lissafa nauyinsa ko ba ka riƙe da shi, kuma tsohon takobi ko baka da aka manta a gurbi na biyu shi ke yawan tura mutum sama da iyaka. Great-Jar's Arsenal, ladan kayar da mayaƙa uku a gaban ƙatuwar tulun da ke arewacin Caelid, tana ƙara kashi 19 cikin 100, sai iyakarka ta tashi zuwa wajen 60. A sulke ka nemi Poise 51, adadin da ke sa ƙaramin bugu ɗaya bai katse maka sara ba.

Kuskure na biyu shi ne zuba komai a ƙarfi tun farko. Makamin da ba a ƙera ba kaɗan yake ci daga ƙarfinka. Da ka cika abin da makami ke nema, ka juya kan Vigor: 40 yana ba da jini 1,450, 60 yana ba da 1,900. Mai babban makami dole ya sha bugu, don yakan fara sara bos ya fara nasa. Ɓarna kuwa a wurin maƙeri take. Makami na gama-gari, irin Greatsword da Giant-Crusher da Great Stars, yana cin duwatsu 12 daga kowane aji, biyu sannan huɗu sannan shida, aji takwas, jimla 96, da dutsen tsohon dodo ɗaya na +25. Makami na musamman irin Ruins Greatsword dutse ɗaya yake ci a kowane mataki, tara da na ƙarshe ya kai +10. Teburin Church of Elleh a +3 yake tsayawa, daga nan sai Hewg a Roundtable Hold. Iji, a hanyar Caria Manor, yana sayar da duwatsun musamman na 1 zuwa 4. Don duwatsun gama-gari su zama na saye, ka kai wa tagwayen tsofaffin nan na Roundtable ƙararrawar mahaƙa: ta farko tana hannun Crystalian na Raya Lucaria Crystal Tunnel, ta biyu a Sealed Tunnel, ta uku a Zamor Ruins, ta huɗu sai an kayar da Godskin Duo. Kafin ka sami ta biyu, makami ɗaya za ka ƙera. Wanda ya raba duwatsunsa kan uku zai isa Leyndell da makamai uku marasa cizo.

In an tara lissafin, Vagabond mai Vigor 60, Endurance 30, ƙarfi 54 da Faith 15 yana mataki na 119. Wanda ya riga ya ɓata rabon matakansa ya kai wa Rennala Larval Tear ɗaya ya sake rabon.

Kuskure na uku a yatsa yake. Koren layin numfashi shi ne ranka na biyu, kuma babban makami yana shanye shi da sara uku ko huɗu. Ka bar abin da zai ishe ka mirgina ɗaya a kowane lokaci. Wasan yana riƙe maɓallin da ka danna ya aiwatar da shi daga baya, saboda haka R1 na biyu da ka danna cikin firgici zai fita ko ka canza shawara, kuma a cikinsa ake kashe ka. Sara ɗaya, ka duba, sannan ka yanke. Manet ma tana da hannu a ciki: in R2 ya gaji ba ya riƙe dannawa, cikakken bugu zai riƙa fita rabi, in sandar hagu ta saki kuma za ka riƙa durƙusawa ba ka so. A gidajen wasa inda manet ɗaya ke shan ƙwallo daga safe zuwa dare, ka gwada waɗannan biyun kafin ka shiga wurin bos. Mai PS4 kuma ya riƙa kwafe ajiyar wasansa a kile USB, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin da na'ura ke rubutu tana iya lalata ta.

Shadow of the Erdtree, ƙarin da ya fito ranar 21 ga Yuni 2024, ba a shiga sai an kayar da Radahn da Mohg. Bai sauya mini na ɗaya da na biyu ba, ya ma ƙara musu: Two-Handed Sword Talisman da ke Temple Town Ruins tana ƙara kashi 15 cikin 100 ga bugun hannu biyu, kuma ta cancanci gurbi a kowane shiri da na ambata in ban da na riƙe biyu. Cikin sababbin, Bloodfiend's Arm na Prospect Town, mai neman ƙarfi 28, Dexterity 11 da Arcane 16, yana fesa jini in ka cika R2, kuma ko bayan an rage masa kaifi yana da ƙarfi, sai dai ya fi son Arcane. Ancient Meteoric Ore Greatsword na Ruined Forge of Starfall Past yana neman ƙarfi 35, Dexterity 10 da Arcane 19, dabararsa ruguwa ce da suka mai rufe tazara nan take. Bos ɗin can jerin saransu dogo ne, damarsu gajera, don haka sukar durƙuso da mayar da R2 bayan tarewa sun fi cikakken R2 samun wuri. Deflecting Hardtear, daga ƙaton murhun wuta mai tafiya da ke kusa da Scorched Ruins, yana sa tarewar da ta zo daidai lokacin bugu ta kusa shanye ɓarnar duka, ya kuma ƙarfafa ramuwar da ke biye, ko da takobin kake tarewa ba garkuwa ba. In ka ga Greatsword +25 ɗinka ya koma kamar sanda a can, ba laifinsa ba ne, albarkar Scadutree ce ba ka tara ba: gutsattsari 50 ne, matakai 20, kuma kowane mataki yana ƙara abin da kake bugawa, yana rage abin da kake sha.